Yadda nake samun lokacin karatu duk da hidimar gida

'Yar'uwa, kin tambayi yadda mai son karatu zai ci gaba da shi alhali ga yara, ga aikin gida, ga zirga-zirgar da ba ta ƙarewa, har kin ce littafi guda ya shekara a gefen gadonki. Na san wannan damuwar, domin na daɗe ina jiran ranar da zan samu awa biyu babu mai kirana, kuma ranar ba ta zo ba.

Abin da ya fisshe ni shi ne na daina raina ƙaramin lokaci. Shafi 10 a rana, idan aka dage, shafi 300 ne a wata, wato littafi guda mai kauri. Littafina yana cikin jaka duk inda na nufa, saboda haka zaman jiran likita ko jiran yara a ƙofar makaranta ya zama lokacin karatu. Da asuba kuwa, kafin kowa ya motsa, nakan samu minti 20, amma sai na bar waya a wani ɗakin, don ita ce ke cinye lokacin da muke ɗora wa iyali laifinsa.

Sai dai ba na buɗe littafi idan yaro yana ba ni labari. Na taɓa yin haka, 'yata ta ɗora tafin hannunta a kan shafin ta ce in dube ta, abin ya tsaya min a rai ƙwarai. Tun daga ranar nake karanta musu da dare, su ne ma suke zaɓar littafin. Ɗinkin da nake yi kuwa na mayar da shi ƙarshen mako.