Shin ƙarfin hadda gadon gida ne?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Shekarata 21, ina aji biyu a jami'a, ina kuma zuwa hadda bayan sallar asuba. Shekara uku ke nan ban wuce izu 12 ba, wanda muka fara tare kuwa har ya sauke. Kawuna ya ce in daina wahalar da kaina, wai gidanmu ba a gaji ƙwaƙwalwa ba. Na ga ana tallar wani gwaji a intanet, ka tofa yawu a 'yar kwalba ka aika waje, su gaya maka ƙarfin ƙwaƙwalwarka. Yarda da maganar gado ta saɓa wa imani da ƙaddara? Kuma ya halatta in yi gwajin?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗana, yarda da cewa ana gadon wasu halaye ba ta taɓa aƙida. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira cewa wani mutum ya zo yana shakkar ɗansa saboda an haife shi baƙi. Annabi (SAW) ya tambaye shi launin raƙumansa, ya ce jajaye ne. Ya ce babu mai ruwan toka a ciki? Ya ce akwai. Daga ina ya samo? Mutumin ya ce wataƙila wata jijiya ce ta jawo shi daga kakanni. Annabi (SAW) ya ce to ɗan nan naka ma wataƙila haka ne. Gado sababi ne daga sabuban da Allah ya halitta, kamar yadda ruwan sama yake sababin tsiro. Hadisin ya kuma nuna ɗa kan fito da abin da ba a gani ga iyayensa ba, kuma wannan kaɗai ya isa ya raunana maganar kawunka.

Masana sun gwada tagwaye masu kama ɗaya da waɗanda ba su yi kama ba, suka ga kusan rabin bambancin basira tsakanin mutane yana da alaƙa da gado, kuma kason yana ƙaruwa daga yarinta zuwa girma. Sai dai wannan lissafi na jama'a ne, ba ma'aunin kan mutum ɗaya ba. Gero iri ɗaya, ka shuka rabi a gona mai taki, rabi a fako, ba za ka girbe amfani daidai da juna ba. Kuma babu wata ƙwayar halitta guda ta hadda. Wani babban bincike na 2018 a kan mutum fiye da miliyan ɗaya ya gano wurare 1,271 a cikin ƙwayoyin halittar gado masu alaƙa da nisan karatu, amma duka a haɗe ba su bayyana fiye da kashi 11 zuwa 13 cikin ɗari na bambancin ba. Mutanen kuma jinin Turawa ne, in aka ɗora lissafin a kan ɗan Afirka sai ya ƙara rauni. Ko ƙwayar halittar da ake kira APOE4, wadda aka sani da ƙara haɗarin cutar mantuwa ta tsufa, an ga tasirinta ya fi rauni a tsofaffin Yarbawan Ibadan fiye da baƙaƙen fatar Indianapolis ta Amurka.

Saboda haka hukuncin gwajin ya rabu. Asalinsa halal ne, kuma idan likita ya nema saboda wata cuta, a yi. Gwajin sikila kafin aure ma muna kwaɗaitar da shi, domin amsarsa a fili take kuma yana kawar da cuta. Wannan na 'yar kwalba kuwa ban ga dacewar ka yi shi ba. Kuɗi ne za ka zuba a kan abin da ba zai gaya maka gaskiyar da kake nema ba, ga sirrin jininka da na danginka a hannun kamfanin da ba ka sani ba. Idan sakamakon zai sa ka yanke ƙauna ka bar karatu, ko a riƙa goranta wa wani gida da shi, to ya zama haramun, domin Suratul Hujurat ta hana izgili da jifa da munanan laƙabi.

Kawunka uba ne, kada ka yi musu da shi a gaban mutane, amma a wannan ba a bin sa. Abu Huraira, wanda ya fi kowane sahabi ruwaito hadisi, shi da kansa ya kai ƙarar mantuwa wurin Annabi (SAW). Kuma a hadisin A'isha, mai karanta Alƙur'ani yana inda-inda, yana shan wuya, lada biyu gare shi. Haddace izu 60 farilla ce ta kifaya, babu zunubi a kanka don ka yi jinkiri.

Da kuɗin gwajin nan, gara ka je asibiti a duba jininka, domin ƙarancin jini yana dakushe hankali. Sannan ka duba barcinka. Na sha ganin ɗalibi ya kwana yana latsa waya har ƙarfe biyu, ya zo da asuba yana gyangyaɗi a kan Mus'hafi, sannan ya ce kansa ne ba ya ɗauka, alhali a cikin barci ne abin da aka karanta yake zama. Ka rage sabon karatu zuwa rabin shafi, ka ƙara tilawar na baya, ka biya shi a nafilfilinka, bayan wata uku ka sake rubuto mini. Wallahu a'alam.