Gwajin DNA kafin sayen bajimin kiwo

Malam, ka tambaya ko gwajin DNA, wato na ƙwayoyin halittar da dabba ke gadowa daga iyayenta, zai nuna maka bajimin da zai yi saurin ƙiba da nama mai kyau kafin ka ɗaure shi a turke. E yana nunawa, amma ga shanunmu na Sakkwato kar ka zuba kuɗinka a kai tukuna.

Dalili kuwa gwajin ba duba ba ne, gashin wutsiya ko ɗan guntun fatar kunne ake ɗauka a kwatanta da na dubban shanun da aka riga aka auna nauyinsu da cinsu da namansu bayan yanka, kuma yawancinsu irin su Angus ne da Brahman na Amurka da Ostareliya, to in ka kai Bokolo lissafin sai ya yi rauni sosai don ba danginshi a ciki. Ni abin da na gani a turkena, bajimai biyu daga kasuwar Achida, dusa ɗaya kowar wake ɗaya harawa ɗaya, wani ya cika cinya wani sai tozo da tumbi. Ka samu sikeli ko tef na awon ƙirji, kana aunawa duk sati biyu kana rubutawa, sannan ka tambayi mai garken uban da ya haife shi.