Kur ɗin mushe, in biya ko in bari?

Salam Tanti. Ni mai saida kayan miya ce a Bukoki nan Yamai. Ɗiyata tana aji 3e, bana za ta yi BEPC, jarabawar gama kolej. Mushensu, wato malaminsu na lissafi, ya ce kowa ya riƙa zuwa kur ɗinshi, ƙarin darasi na kuɗi, Asabar da Lahadi, jika 5 a wata, kuma yarinyar ta ce waɗanda ke zuwa can su ke fara ganin irin tambayoyin da ke fitowa a debuwar, wato gwajin aji. Babanta ya ce ai ba dole ba ne, ni kuma tsoro nake ji kar a kada min ita. Ya zan yi?

Wa alaikumus salam Maman yarinya. Babanta ya yi gaskiya, ba dole ba ne, amma ke ma tsoronki ba na banza ba ne. Abin da ya fi damuna a wasiƙarki ba jika 5 ɗin ba, maganar debuwar ɗin ce. Mutumin da ke koyar da yarinya da safe, shi ke rubuta tambaya, shi ke ba da maki, kuma shi za ki biya ran Asabar, wannan ai an ba kura ajiyar nama. Ko da mutumin kirki ne, shaiɗan ba ya nisa, sai ki ga darasin aji ana yi mishi hawan ƙawara, bayanin gaske an aje shi ma masu biya.

Ba mu kaɗai ke wannan rigima ba fa. Ƙasar Biyetnam tun Fabrairun 2025 ta hana malami karɓar kuɗin kur daga hannun ɗaliban da yake koyarwa a aji. Sin a 2021 ta hana kamfanoni cin riba da kur na manyan darussan lakkol. Koriya ta Kudu ma ta taɓa haramta shi kwata-kwata a 1980, sai abin ya koma a ɓoye, masu hali suka ci gaba da biya da tsada, talaka ya tashi a tutar babu, har kotu ta soke dokar a 2000. Ni dai in an tambaye ni ta Biyetnam ta fi kama hankali, kur ba laifi ba ne, amma kar mai ba da maki ya zama shi ne mai saidawa.

To ga abin da mutane ke mantawa. Ranar BEPC ba mushenta zai gyara takardarta ba, wasu malamai ne can da ba su san ta ba, sunanta ma a rufe yake. Yarinyar da ta saba ganin tambaya kafin debuwar za ta kawo miki biltan mai kyau duk shekara ki yi ta guɗa, ranar jarabawa ta zauna tana taunar biro. Na ga irin haka da idona a gidan maƙwabta, uwar har kwanciya ta yi.

In ni ce ke, jika 5 ɗin nan sai in nemi uwayen yara uku ko huɗu na kartiye mu haɗa kuɗi mu ɗauko etidiyan daga jami'ar Abdou Moumouni, akwai su da yawa masu neman na kabu-kabu, ya zo tsakar gida da ɗan tabulo da alli. Ki saya mata anal, wato tsofaffin tambayoyin BEPC, ana samunsu wurin masu baza littattafai a ƙasa. Ki biya wata-wata, kar ki yarda da kuɗin shekara a dunƙule. Kuma ko ba ki yi lakkol ba kina iya buɗe kaye ki ga ko yarinyar ce ke aiki da hannunta ko kwafa kawai take yi, in duk shafi tsaf ne ba goge ko ɗaya, to kwafa ce.

In kuwa kin ga an fara tsangwamarta don ba ta zuwa, kar ki tunkari mushe ke kaɗai. Ki bi ta ƙungiyar uwayen yara ko COGES, kwamitin kula da lakkol, ku je wurin darakta a tare, in bai yi komai ba akwai ansipekta.

Tanti, ni malamin kwantaragi ne, albashi ba ya kai ni rabin wata. Uwaye da kansu ke roƙona in buɗe kur. Laifi ne?

Mushe, ba wanda zai ga laifinka don ka nemi na cefane da iliminka, kowa ya san yadda albashin 'yan kwantaragi ke makara. Amma ka bar 'yan ajinka. Ku yi musaya da abokin aikinka na wata lakkol, ya turo maka nashi ka tura mishi naka, kuma kar ka yi a cikin ajin gwamnati sai darakta ya sani. Yaron ajinka da bai gane ba ya biyo ka bayan an tashi, wannan kam minti goma ne a bakin tabulo, ba a karɓa mishi ko dala.