Tambaya da Amsa: Jarina kaɗan ne, ya zan yi da talla?

TAMBAYA: Salam Anti. Ina zaune a Ɗorayi a Kano, ina yin dambun nama da cincin da alkaki a gida, duk wanda ya ci sai ya yaba amma ciniki sai a hankali. Ƙawata tace in biya wani ɗan TikTok ya tallata min, kuɗin da ya yanka min kuwa ya kusa cinye jarin gaba ɗaya. Dan Allah meye mafita?

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar uwa, Allah ya sa albarka a nema. Ni dai kar ki taɓa jarin nan wlh. Zai ɗora bidiyonki 'yan Kaduna da Sakkwato da Yamai su kalla suce masha Allah, gobe ya ɗora na wata an manta da ke, alhali mai sayen alkakinki tana nan Ɗorayi ko Kabuga ko Rijiyar Zaki inda ɗan adaidaita zai kai mata kafin la'asar.

Abin ci sai an ɗanɗana ake yarda da shi. Duk suyar da kika yi ki ware ɗan kaɗan, ki ƙulla a 'yar leda mai tsafta ki manna sitika mai sunan sana'arki da lambar waya, masu buga katin biki za su buga miki da yawa a kuɗi kaɗan. Ki kai gidan suna, ki kai walimar sauka, ki kai shagon kitso da lalle inda mata ke zaman jira suna hira. Kinga uwar amaryar da ta ci alkakinki yau ita ce za ta nemo ki in an zo haɗa gara, oda ɗaya ta gara kuwa tana iya fin cinikin makonni.

Sai waya. Ki sauke WhatsApp Business, kyauta ne, akwai wajen jera hotunan kaya kowanne da kuɗinsa. Amma ki sani sitatus awa 24 yake yi ya ɓace, kuma sai wanda kuka ajiye lambar juna ne zai gani, shi yasa wasu ke ta ɗorawa ba mai kallo sai dangi. Duk wadda ta saya ko ta ƙaramar roba ce ki roƙe ta ta ajiye lambarki ke ma ki ajiye tata. Kuma dan Allah ki rubuta farashi a jikin hoton! Wannan ɗabi'a ta "a yi min magana ta ciki" tana ci min rai, mace na son dambu amma tana kunyar ta tambaya ta ji ya fi ƙarfinta, sai ta wuce abinta. Hoton ma ya zama na kayanki, ki ɗauka da hasken safiya, kar ki ɗauko na intanet a kawo kaya a ga ya bambanta.

Wadda ta kawo miki sabuwar kastoma ki yi mata gyara mai kyau ta gani da idonta. Cincin ɗin Sallah ki fara karɓar oda tun tsakiyar azumi, in kin ce Alhamis to ta zama Alhamis. Ranar da kika fara tunanin kai kaya manyan kantuna, ki nemi lambar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, tukunna.

TAMBAYA: Anti ina gyaran waya a Farm Centre, masu gyara sun yi yawa, ya zan yi a san da ni?

AMSA: Ɗan uwa ka saka shagonka a Google Maps, ba a biyan ko sisi, da hoton ƙofar shagon da lambarka da lokacin buɗewa, duk wanda ka gyara wa ya ji daɗi ka ce ya rubuta maka yabo a can. Sannan ka riƙa ɗaukar ɗan gajeren bidiyo, waya kafin gyara da bayan gyara, amma ka nemi izinin mai ita kuma kar hoto ko saƙon kowa ya fito a ciki.