Amsa ga mai tambaya kan wasan karta na ashirin da ɗaya

Ɗan'uwa, ka tambayi yadda ake wasan ashirin da ɗaya, wanda gidajen caca ke kira Blackjack, da kuma ko gaskiya ne mai kaifin lissafi yana iya cinye gidan. Na yi shekara huɗu ina raba kati a teburin wannan wasa kafin in ajiye aikin, don haka abin da idona ya gani zan faɗa maka.

Ƙirgen ba wuya. Daga 2 zuwa 10, lambar da ke jikin kati ita ce ƙimarsa. Masu hoto, wato K da Q da J, goma-goma ne. Shi kuwa A ɗaya ne ko sha ɗaya, duk wanda ya fi maka amfani. Za a ba ka kati biyu, mai rabawa ma ya ɗauki nasa, amma guda ɗaya kawai kake gani a buɗe. Sai ka ce a ƙara maka ko ka tsaya. In ka haura 21 ka ƙone, kuɗinka ya tafi. In kun yi kunnen doki, a mayar maka da abinka. In katinka biyu na farko A ne da goma, wanda ya zuba 100 zai ci 150.

Sunan wasan ne ke ruɗa sababbin shiga. Suna ɗauka 21 ake nema, alhali mai rabawa ake son kayarwa, ko da da 12 ne. Shi ba ya da zaɓi ko kaɗan: in yana da 16 ko ƙasa dole ya ja, in ya kai 17 ya tsaya, sai dai wasu gidajen suna sa shi ya ƙara ja in A ne da 6. Saboda haka katinsa na buɗe za ka fara kallo kafin naka. Cikin kati 52, guda 16 goma ne. In 5 ko 6 yake nunawa yana cikin tsaka mai wuya, domin yakan ƙone kusan sau 42 cikin 100.

Ban manta wani dattijo ba, mai tsaf-tsaf, da ke riƙe da 13 ni kuma ina nuna 6. Ya ƙwanƙwasa tebur da yatsa, alamar a ƙara masa. Na ɗan jinkirta ko zai sake tunani, bai sake ba, na miƙa masa Q. Na kwashe kuɗinsa. Da na buɗe nawa sai ga 10, na ja 9, na ƙone da 25. Kowa a teburin ya ci sai shi. To, nan ribar gidan take: kai kake fara ja, kuma in ka ƙone an gama da kai, ko da mai rabawa zai ƙone a bayanka.

Akwai ninkawa, inda za ka ninka kuɗinka a ba ka kati ɗaya tak; ta fi daɗi in kana da 11. Akwai kuma raba tagwaye su zama hannu biyu. A biyu da 8 biyu ana raba su. Goma biyu kuwa kada ka taɓa su, wa ke wargaza 20? In mai rabawa ya nuna A zai yi tayin inshora, wato ka zuba wani kuɗi a gefe kan cewa katinsa na rufe goma ne; ka ƙi. Tana biyan biyu a kan ɗaya, amma goma ba ta fitowa ko sau ɗaya cikin uku. Ka kuma karanta rubutun da ke kan teburin: in an rubuta 6 zuwa 5 maimakon 3 zuwa 2, 120 za a ba ka a madadin 150 ɗin nan na A da goma.

Batun lissafi kuma, akwai ƙamshin gaskiya. A 1956 wasu sojojin Amurka huɗu suka wallafa tsarin da ke nuna abin da ya kamata a yi da kowane hannu, sannan a 1962 masanin lissafi Edward Thorp ya fitar da littafin da ya yaɗa dabarar ƙirga katin da ya riga ya fita. Gidajen ba su zauna ba. Yanzu fakiti shida ko takwas ake haɗawa, wasu teburan na'ura ce ke ta cakuɗa katin ba tsayawa, kuma in aka lura kana ƙirge sai a sallame ka. Wanda ya bi tsarin 1956 ba kuskure, a teburi mai kyawun ƙa'ida, yana asarar kimanin 5 ne a cikin kowane 1,000 da ya zuba in tafiya ta yi nisa. Asara ce dai, sannu a hankali take ci. Kuma a shekaruna huɗu, waɗanda na ga sun riƙe tsarin bayan an cinye su sau uku a jere ba su cika yatsun hannu ba.

Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne mai ninka kuɗi bayan kowace faɗuwa don ya fanshe. Ya fara da 10, ya koma 20, 40, 80. In ya faɗi sau bakwai a jere, sai ya zuba 1,280 don ya tashi da ribar 10. Kowane tebur yana da iyakar abin da ake zubawa, an rubuta a ɗan allo a gefen mai rabawa, kuma yawancinsu ba sa duba allon sai na nuna musu shi da hannu.