Amsoshin Tambayoyinku kan Sayen Kayan Haɗa Fedar Jita

Wasiƙun wannan mako sun taru ne a kan ƙaramin akwatin nan da makaɗa jita ke ajiyewa a ƙasa tsakanin jita da amfilifaya, su taka shi da ƙafa ya sauya musu sauti, wato feda. Tsadar na kamfani ta sa matasa da dama sun ƙudurta haɗa nasu da hannu, sai dai inda aikin ya fi cijewa shi ne wajen sanin abin da za a saya da wurin da za a saye shi.

Wani mai karatu daga Kaduna ya rubuto cewa: “Malam, ina kaɗa jita, kuma na ɗan iya liƙa waya da dalma. Feda ta farko nake son haɗawa. In sayi cikakken ƙunshi ne, ko in tsinci kayan ɗaya bayan ɗaya?”

Ɗan'uwa, ka sayi cikakken ƙunshi, ko da lissafin farko ya nuna maka cewa ya fi tsada. Kuɗin feda ba a cikin rasisto da kondensa yake ba, domin waɗannan araha gare su ko'ina. Abin da ke cin kuɗi shi ne akwatin ƙarfe, da makunnin da ake takawa, da jak biyu, da mamurɗan sauti, sannan kuɗin aike, wanda sau da yawa yakan zarce kuɗin kayan kansu. Wanda bai saba ba kusan koyaushe sai ya manta da abu guda, ko ya sayo kondensa mai ƙafafu da suka fi ramin fanel (allon da ake liƙa kayan a kai) faɗi, daga nan aiki ya tsaya har makonni ana jiran ɗan abin da bai kai ƙwayar wake ba, a kuma sake biyan kuɗin aike a kansa. Musikding a Jamus, da Fuzz Dog a Ingila, da Aion FX da StewMac a Amurka duk suna sayar da irin wannan ƙunshi. Kafin ka biya, ka sauko da takardar bayanin haɗawa ka karanta ta tukuna. Idan babu zanen da'irar lantarki a ciki, ka bar shi komai araharsa, domin ranar da ka gama haɗawa ka taka kuma ka ji shiru, wannan zane ne kaɗai zai nuna maka inda za ka ɗora bakin mita. Ka kuma tabbata an riga an huda akwatin, tun da huda rami shida ko bakwai su zauna daidai aiki ne mai zaman kansa.

Ka fara da da'ira mai sauƙi, kamar mai ƙara ƙarfin sauti da tiransista guda, ko irin ta Tube Screamer, wata sananniyar feda mai kaurara sauti. Mai maimaita amo ta jira tukuna. Sai a feda ta biyu ko ta uku ne sayen fanel kaɗai daga PedalPCB ko Aion FX, a cike sauran daga Tayda da ke Tailan, zai fara yi maka riba, musamman idan kuka haɗu ku uku ko huɗu kuka yi oda guda.

Daga Agadas kuma wani ya ce: “Malam, Fuzz Face nake so mai tiransistan jamaniyom. Na ga ana tallar NKT275 da AC128 a intanet da araha, har guda goma-goma. In saya?”

A nan zan ɗan daɗe, domin babu inda masu haɗa feda suka fi zubar da kuɗi kamar nan. Kamfanin Arbiter na Landan ne ya fito da Fuzz Face, feda mai sa sautin jita gurnani, a 1966, kuma abin da ke cikinta bai wuce tiransista biyu, da rasisto huɗu, da kondensa uku, da mamurɗi biyu ba. Da yake kayan kaɗan ne, halin tiransistocin nan biyu shi ne kusan dukan sautin. An daina ƙera NKT275, tiransistan jamaniyom (sinadarin da ake yin tiransista da shi kafin silikon ya yaɗu), tun shekaru da dama da suka wuce, kuma tun daga lokacin masu sana'a ke tankaɗe abin da ya saura suna ɗebe nagari. Saboda haka wanda ya ce zai ba ka goma da araha, ko dai ragowar da wasu suka auna suka ƙi ce, ko kuma wani tiransista ne daban aka buga wa lambar. Araha ba ta ado, kuma a wannan fanni lambar da ke jikin gwangwanin ba ta tabbatar da komai sai an auna.

Abu biyu ake aunawa. Na farko shi ne yawan ninka sigina: masu haɗawa sun fi son na tiransista na farko ya kasance tsakanin 70 da 85, na tiransista na biyu kuma tsakanin 100 da 130. Na biyu shi ne yoyo, wato wutar da ke sulalewa ta cikin tiransista ko ba a ba shi sigina ba, kuma idan ta haura maikro'amfiya 300 akan ajiye shi gefe. Ramin gwajin tiransista da ke jikin mita ta kasuwa yana haɗa yoyon da ninkin ya ba ka lamba guda, sai ka ga 140 alhali gaskiyarsa ba ta kai haka ba. Dole a auna yoyon daban a cire shi, kuma batir mai bolt 9 da rasisto biyu sun isa wannan gwaji.

Akwai kuma abin da ya shafe ka kai da ke Agadas fiye da wanda ke Landan. Yoyon jamaniyom yana ninkuwa kusan biyu duk lokacin da zafi ya ƙaru da digiri 10. Ka riƙe gwangwanin tsakanin yatsu biyu yana kan gwaji, za ka ga lambar mita tana hawa a gaban idonka, ka sake shi ta fara saukowa a hankali. Tiransistocin da aka daidaita a ɗaki mai digiri 22 za su iso inda zafin bazara ke wuce digiri 40, kuma fedar da ta yi daɗi da asuba tana iya shaƙewa da azahar, sautin ya riƙa yankewa kafin tsirkiya ta gama kaɗawa. Ni a ganina, wanda zai yi wasa a filin biki cikin rana ya haɗa ta silikon, da BC108 ko BC109, waɗanda ita kanta Fuzz Face ta koma amfani da irinsu daga baya, ya zaɓi masu ƙarancin ninki idan yana son sautin ya yi laushi. Idan kuwa zuciyarka ta kafe a kan jamaniyom, ka sayi guda biyu da aka auna aka rubuta lambobinsu, ka kuma maye gurbin rasiston da ke kan kolektar tiransista na biyu (ɗaya daga cikin ƙafafunsa uku) da mamurɗi, yadda za ka riƙa dawo da wutar wurin zuwa kusan bolt 4.5 duk lokacin da yanayi ya sauya. Tsofaffin rediyoyin Japan na shekarun 1960 suna ɗauke da jamaniyom masu lambar 2SB, kuma a shagon tsohon mai gyaran rediyo akan dace da su, amma su ma sai an auna. Ka tuna cewa yawancin waɗannan nau'in PNP ne, ƙasar da'irarsu (layin da wuta ke komawa ta kansa) tana kan fositif, don haka kada ka jona ta a adafta ɗaya da sauran fedojinka. Batir ya ishe ta, kuma ba ta cin wuta.

Wata mai karatu daga Jos ta tambaya ko ya dace ta biya kuɗi mai yawa don tsohon ayisi (ɗan guntu mai ƙafafu da aka dunƙule da'ira a cikinsa) JRC4558D, wanda aka ce shi ne sirrin Tube Screamer.

'Yar'uwa, kada ki biya. Ayisi ne na yau da kullum wanda aka cika rakodoji da amfilifayoyi da shi, kuma har yanzu ana ƙera 4558. Ki liƙa soket mai ƙafa takwas a fanel, ki gwada shi, ki cire ki sa TL072, kunnenki ya yanke hukunci. Dayod biyun da ke datse sigina da kondensocin da ke kewaye da su sun fi ayisin tasiri a sautin. Inda ya kamata ki yi hattara shi ne kayan da aka daina ƙerawa. Tiransistan J201 mai dogayen ƙafafu ya ƙare a hannun masu ƙera shi na asali, jabunsa kuwa ya cika kasuwa, don haka ki nemi MMBFJ201 da aka riga aka liƙa a ɗan fanel mai ƙafafu, domin cikinsu ɗaya ne. Haka ayisin LM308 na fedar RAT, wanda kamfanin ProCo da kansa ya maye gurbinsa da OP07. Duk ayisin da kike shakkar asalinsa, Mouser da DigiKey na Amurka daga hannun masu ƙerawa suke saro kaya, sai dai kuɗin aikensu ba ya biyan ƙaramar oda.

Tambaya ta ƙarshe daga Kano ta fito: “Malam, ba ni da katin biyan kuɗi a waje. Me zan iya samu a nan gida?”

Za ka samu fiye da yadda kake zato. A wajen masu sayar da kayan gyaran rediyo da talabijin, a Sabon Gari ko a kasuwar Alaba ta Legas, akwai rasisto, da dayod 1N4148 da 1N4007, da tiransista irin su BC547, da 4558 da TL072, da fanel mai ramuka da layin tagulla, da waya da dalma. Ka je da mitarka a aljihu ka auna a gaban mai kaya, kuma ka duba cewa kondensa masu ruwa suna ɗaukar bolt 16 ko 25, ba su kumbura ba. Abin da ke wuyar samu shi ne makunnin ƙafa mai ƙafafu tara da ake kira 3PDT, da mamurɗai masu harafin da ya dace. Harafin yana da muhimmanci: mai A na ƙarar sauti ne, mai B yana tafiya daidai wa daida, mai C kishiyar A ne, kuma idan ka sa B a gurbin A dukan ƙarar za ta taru a farkon murɗawa. Waɗannan su ne suka cancanci ka roƙi wani ya saro maka daga waje, kuma a nan ne ba na son a yi tsimi, domin tiransista zai shekara ashirin ba abin da ya same shi, amma makunnin da ake takawa kowane dare da jak ɗin da ake cusa wa waya su ne ke fara mutuwa. Kada ka daɗe da ayon, wato ƙarfen narkar da dalma, a kan ƙafafun makunnin, domin zafi yana narkar da abin da ke riƙe da su, su yi lako-lako. Mamurɗan Alpha masu murfin roba a baya sun fi jure ƙurar hunturu.

Akwati kuwa ya zama na ƙarfe. Na roba yana barin gurnanin wutar gida ya shiga, wani lokaci har da tashar rediyo. Idan 1590B na Hammond ko 125B bai samu ba, mai lanƙwasa faranti zai yi maka na alminiyom, ka dai jona jikinsa da ƙasar da'ira.

Abin da ya fi ƙona fedoji a wajenmu shi ne adafta. Fedoji sun bi tsarin kamfanin Boss: bolt 9, baki mai milimita 2.1, tsakiyarsa negatif. Yawancin adaftocin dikoda da na'urar intanet da ke gidajenmu bolt 12 ne, tsakiyarsu kuma fositif, ga shi bakinsu yana shiga ramin ba gardama. Ka duba zanen da ke bayan adafta kafin ka jona, ka sa dayod 1N5817 a kan hanyar wutar shiga domin ya tare ta idan an juya, kuma ramin adaftar da za ka ɗaura a akwatin ya zama na roba, tun da gefensa ne ke ɗauke da fositif, na ƙarfe kuwa zai haɗa shi da jikin akwatin.