Haƙuri, dangana da dutsen da ake dafawa

Tambaya: Malam, jarina ya karye bana, kuma duk wanda ya zo jaje sai ya ce mini "mai haƙuri yakan dafa dutse ya sha romonsa". Dutse dai ba ya dahuwa. Ba cewa ake yi in naɗe hannu in zauna ba?

Amsa: Allah Ya mayar da alheri, ɗan'uwa. Ba haka ake nufi ba. Dubi aikatau ɗin da ke cikin maganar: dafa. Mai dahuwa ba ya hutawa. Iza wuta yake yi, in ruwa ya ƙone ya ƙara, hayaƙi ya shige masa ido bai tashi ba. Kuma ba a ce dutsen ya nuna ba, romo aka ce ya sha. Wato mai nacin aiki yakan sami amfani a inda kowa ya fid da rai, ko da ainihin matsalar tana nan daram.

Inda ake samun ruɗu shi ne haɗa haƙuri da dangana. Dangana ana yin ta ne a kan abin da ya tafi ba zai dawo ba, kamar rasuwa ko kayan da gobara ta cinye. Juriya da dauriya kuwa sun fi karkata ga ɗaukar zafi, na jiki ko na rai, ba tare da raki ba. Haƙuri ya fi su faɗi, domin yana tafiya tare da nema. Kuɗin da suka salwanta ka dangana, amma sana'ar haƙuri take buƙata, tunda zomo ba ya kamuwa daga zaune. A ganina, masu jajen da ke tsayawa a "sai haƙuri" kawai rabin magana suke faɗa.

Tambaya: "Komai nisan jifa ƙasa zai faɗo" da "komai nisan dare gari zai waye", ɗaya ne?

Amsa: Kai ɗaya suka ɗauko, amma sun raba hanya. Ta dare lallashi ce: wahala tana da iyaka. Ta jifa an fi yin ta a matsayin gargaɗi ga azzalumi ko mai ji da kansa, cewa ƙarshensa na zuwa. Kada a faɗa wa mara lafiya ita, zai ɗauka baƙar magana ce. Haka ma "wuya ba ta kisa": ta dace da ɗalibi ko mai koyon sana'a, ba a kai ta gidan makoki.

Tambaya: Wuyar da ke cikin "bayan wuya sai daɗi", ita ce ta jiki?

Amsa: A'a. Rubutunsu ɗaya, karin sauti da jinsi suka raba su. Na jiki namiji ne, muryar tana sauka a gaɓar ƙarshe: wuyan riga. Ta wahala mace ce, muryar tana hawa: wuyar sha'ani. Shi ya sa ake cewa ba "ta" kisa.